Numfashin Firit

Litinin, 1 ga Satumba

Na dawo daga asibiti raina a ɓace, kuma duk wanda na faɗa wa "sai haƙuri" zai ce min. Gara takarda.

Likitar zuciya ta gama shafa wa 'yata Firit abin sikanin a ƙirji, ta ɗan yamutsa fuska, ta ce hoton ya daina nuna mata ɓangaren dama yadda take so. Tun yarinyar nan tana cikin zanin goyo muke sintiri wajen matar nan, yau shekararta tara, sai yanzu ta san na'urarta ba ta gani. Ta zana min zuciya a bayan takarda kamar ni ce 'yar aji uku. Wai aikin da aka yi wa Firit tana jaririya ya toshe hujin da aka haife ta da shi, ya buɗe hanyar jinin da ke zuwa huhu, amma ƙofar da ke bakin hanyar ba ta rufuwa ruf. Duk bugu ɗaya sai wani jinin ya komo baya, ɗakin dama na zuciyar kuma yana ta buɗewa a hankali don ya ɗauke shi. Abin da take so ta sani shi ne girman da ɗakin ya kai, da ƙarfin da ya rage masa na tura jini, da yawan abin da ke komowa. Wannan kuwa sai an shiga babbar na'urar maganaɗisu, wadda suke kira Em-Ar-Ai.

Na ce to a yi mana. Sai ta ce yaro kwanciya yake a cikin na'urar kusan awa guda ba motsi, yana riƙe numfashi duk lokacin da aka ce ya riƙe. Wanda ya kasa, allurar barci ake masa. Ta faɗe shi ko a jikinta.

Ni za a faɗa wa allurar barci. Bayan aikin farko kowa ya ce min da yamma za ta farka, ta kwashe kwanaki ba ta buɗe ido ba, bututu a bakinta, ni a kan benci ina kallon ƙirjinta yana ɗagawa da ƙarfin inji. Likita ta ce wancan daban wannan daban, ta fara bayani. Na ce ta riƙe bayaninta. 'Yata ba za ta sake yin barcin da ba ita ta kwanta da kanta ba. Za ta riƙe numfashi, ni zan koya mata. Shekara da shekaru ina koyar da lissafi a firamare, aji guda cike da yara na sa sun yi tsit, balle guda ɗaya da na haifa.

Laraba, 3 ga Satumba

Baban Firit ya saurari labarin yana cin abinci, ya ce ashe bawul ne ke yoyo, irinsa kullum yana canza wa mutane. Mai gyaran firji dai, komai a duniya firji ne a wajensa. Firit ta yi ta ƙyalƙyala dariya, wai ya kai ta shago ya ɗaure mata da sifana.

Ni ban yi dariya ba. Na tambaye shi ko ya manta da bencin nan. Ya ajiye cokali ya ce bai manta ba, a kai shi ma ya zauna. Ya zauna ɗin, amma shi yana tashi ya je shago. Ni ce ban tashi ba.

Juma'a, 5 ga Satumba

Na buga wa sashen hoto waya lokacin tara. An ba mu ranar sha takwas. Na tambayi yarinyar da ta ɗauka yadda ake shirya yaro. Ta ce in dai koya mata riƙe numfashi. Na ce yaya ake riƙewar? Ta ce, "Riƙe numfashi dai, Malama, kamar yadda kowa ke yi." Ina jin ƙarar cingam ɗinta ta cikin wayar. Kafin in sake magana ta kashe.

Mutane su zauna a kan aiki mai rai a cikinsa suna taunar cingam.

Asabar, 6 ga Satumba

Mun fara. Na janye kujerun teburin cin abinci, na lulluɓe shi da bargo ta gefe biyu, na shimfiɗa tabarma a ƙasa. An ce na'urar tana da ƙara, don haka na ɗauko murfin tukunya da ludayi. Firit ta shiga ta kwanta, ƙafafunta a waje, ta sa wa wurin suna Rami.

Dokokin da na kafa masu sauƙi ne. Ta ja iska ta cika ƙirji fam, irin na mai shirin nutsewa a ruwa, ta riƙe har sai na ce ta sake. In ta motsa, in taɓa ƙafarta da rula. In ta motsa ko ta saki numfashi kafin lokaci, mu koma daga farko. Haka nake yi a aji, wanda ya ɓata jadawalin ninki a tsakiya daga ɗaya yake sake tasowa, kuma har yau ban ga wanda ya mutu ba.

Ta ɗauki abin wasa. Ina buga murfi tana dariya a ƙarƙashin bargo, wai na yi kama da mai tallan kwanuka. Na ce ta yi dariyarta ta gama, ranar sha takwas babu dariya.

Talata, 9 ga Satumba

Tana ci gaba. Amma yatsun ƙafar nan nata ba sa zama wuri guda, gadon ubanta.

Alhamis, 11 ga Satumba

Yau mun koma daga farko har na daina lissafi. Da mun kusa ƙarewa sai ta sosa hanci, ko ta ce fitsari. Na gaji daga makaranta, kaina yana sara, ga murfin tukunya a kunnena. Na daka mata tsawa. Na ce in ta yi haka a asibiti allura za su yi mata ta yi barci, kuma ba ni da tabbacin za ta tashi.

Na faɗa. Maganar ce ta kuɓuce min.

Babanta yana bakin ƙofa da jakar kayan aikinsa, ban ma ji shigowarsa ba. Bai ce komai a gabanta ba, sai da muka shiga ɗaki. Wai yarinya ce ba soja ba. Wai maganar da na faɗa mata ko babba aka faɗa wa sai ya kasa cin abinci. Na ce to shi ya zo ya koya mata, tunda ya iya. Ya ce shi bai iya ba, ni ma ban iya ba, bambancinmu shi ya san bai iya ba. Da na sami abin jifa a kusa da na jefe shi.

Ita kuwa da na fito na same ta har yanzu a cikin Rami, ba ta motsa ba, wai ban ce ta fito ba.

Litinin, 15 ga Satumba

Malamar ajinsu ta tare ni a ɗakin malamai, da fuskar nan tata ta mai kawo ta'aziyya. Wai ta ga Firit a aji kumatu a kumbure, ido ya yi ja, har sai da jiri ya ɗebe ta ta kifa kai a tebur. Da ta tambaye ta sai ta ce aikin gida take yi. Malamar ta ce ko zan ɗan sassauta. Na ce ta kula da rubutun 'yan ajinta da ya yi kama da tafiyar kaza, ta bar min 'yata.

Kowa ya zama likita. Babu ɗayansu da zai zauna a bencin in abu ya faru.

Laraba, 17 ga Satumba

Gobe ne. Yau ta yi zagaye guda cif ba ta motsa ba, ban taɓa ta da rula ko sau ɗaya ba. Na ce mata ta yi ƙoƙari. Ba ta yi murmushi ba, ta ce, "Mama, in tafi?" Gajiya ce.

Alhamis, 18 ga Satumba

Allah ya isa tsakanina da sashen hoton nan.

Bari in rubuta a jere, ko zuciyata ta sauka. Mun isa da wuri. Aka yi mana tambayoyi kamar 'yan sanda, ko akwai ƙarfe a jiki, ko an taɓa yin aiki. Aka cire wa Firit ɗan kunne, ni aka sa na zare allurar ɗankwali da agogo, tunda an yarda in shiga in zauna wajen ƙafafunta. Mai ɗaukar hoton wani dogon mutum ne mai magana a hankali, Firit ta raɗa min wai Kawu Dogo. Ya manna mata wayoyi a ƙirji don na'urar ta riƙa bin bugun zuciyarta, ya ɗora mata wani faifai a kai, ya sa mata abin toshe kunne, ya ba ta ƙwallon roba ta matsa in tana son a tsaya. Gadon ya shige da ita cikin rami na gaske, fari tas, sanyi kamar cikin firjin babanta. Ƙafafunta kawai nake gani. Na riƙe idon sawunta.

Na'ura ta fara ƙara, murfin tukunyata ashe wasan yara ne. Sai muryarsa ta fito ta lasifika: ta ja numfashi, ta fitar, ta tsaya haka.

Ta fitar. Na ɗauka ban ji daidai ba. Ya sake, haka dai, ta ja, ta fitar, ta riƙe. Ita kuwa ta cika ƙirji fam yadda na koya mata ta ƙi saki. Ya ce ta fitar tukuna. Ta rikice, tana ja tana saki, ba ta san na wa za ta bi ba. Ƙafarta ta motsa, ni kuma na matse ta. Ban yi tunani ba, hannu ne ya saba. Ta sake motsawa na sake matsewa, na ɗaga murya na ce ta nutsu. Daga nan jikinta ya hau rawa. Ya tsayar da ƙarar ya tambaye ta ko lafiya. Na ji muryarta daga cikin ramin, siririya:

"Kawu, daga farko za a koma? Don Allah kar a yi min allurar, zan tashi ne?"

Ya fito da ita. Fuska jage-jage da hawaye, zuciyarta tana gudu har ana gani a wuyanta. Ya ce yau ba zai yiwu ba.

A waje na tare shi. Ya yi min bayani, shi ma da sanyin muryar nan da ke ƙara min zafi. Wai yanka-yanka suke ɗaukar zuciya a hoto, daga sama zuwa ƙasa, kowane yanki da nasa riƙon numfashin, sannan a haɗa a auna. In mutum ya cika ƙirji, wannan karon ya cika da yawa, na gaba kaɗan, zuciyar sai ta yi ta sauya wuri, yankan ba za su hau kan juna ba. In ya fitar da iska kuwa kusan wuri ɗaya take komawa kullum. Kuma riƙon ɗan gajere ne, bai kai rabin abin da nake sa ta yi ba. Wanda ya ɓaci shi kaɗai ake maimaitawa, babu wani komawa daga farko.

Na ce me ya sa ba a faɗa min ba? Na buga waya, na tambaya da bakina. Ya ce a yi haƙuri, ya kamata a ce an faɗa. Na ce haƙurin zai mayar min da mako biyun? Na yi faɗa har masu jira suka miƙe. Ina mai cingam ɗin, na ce a nuna min ita, aka ce ba ranar aikinta ba ce. Ta tsira.

A mota Firit ta jingina da taga, ta ba ni baya har gida.

Juma'a, 19 ga Satumba

Ban je makaranta ba. Na naɗe bargon, na mayar da kujeru. Laifin asibiti ne, ko gaban wa zan faɗa.

Litinin, 22 ga Satumba

Likitar zuciya ta ce tunda an gwada bai yiwu ba, za ta sa a shirya mana ranar barci. Ta riga ta ɗauki biro. Na ce ta ajiye shi. Na ce an ba ni bayanin banza na gina a kansa, yanzu kuma 'yata ce za ta ɗauki hukuncin? Ta ce ba hukunci ba ne, Malama, sakamako take buƙata, ba za ta yi ta jira ɗakin yana buɗewa ba. Na ce a sake ba mu dama guda. Ta ce sai in mai hoto ya yarda, lokacin na'urar ba nata ba ne.

Na sauka ƙasa na same shi, ni da na wanke shi tas ranar Alhamis. Ban ba shi haƙuri ba, bai nema ba. Ya ce zai sake gwadawa ranar biyu ga watan gobe. Sharaɗinsa ɗaya, kar a sake yi mata wani atisaye a gida, ko kaɗan. A kawo ta ranar Asabar da babu layi ta ga na'urar tana hutawa. Ya ce ko babanta zai iya kawo ta. Na gane abin da yake nufi sarai. Na haɗiye, don dai ranar nake so.

Laraba, 24 ga Satumba

Firit ta daina cin abinci a tebur. Farantinta take ɗauka ta zauna a bakin ƙofar kicin. Na ce ta dawo, babanta ya harare ni. Yanzu ni ce dodon gidan. Ni da nake tashi in dafa, in wanke, in tuna ranar asibiti, in tuna magani. Shi ya shigo da alawa ya zama mutumin kirki.

Asabar, 27 ga Satumba

Sun tafi sun bar ni da wanki. Sun dawo da surutu tun daga matakala. Wai Kawu Dogo ya bar ta ta danna maɓallin da ke shigar da gadon, ya kwantar da babanta a kai ƙafafunsa suna reto, ya nuna mata hoton wata zuciya tana bugawa a allo. Wai ya ce ƙarar nan na'urar ce ke aiki, in ta yi shiru ne ma take zaman banza. Sun yi gwajin numfashin tare su uku, babanta ne ya fara sarewa.

Duk wannan ba ni ta ba labari ba. Maƙwabciyarmu ta ba, a bakin ƙofa, ina jin su daga wajen shanya.

Talata, 30 ga Satumba

Hannuna ƙaiƙayi yake. Jibi ne fa, kuma ba a yi komai ba. Na kama kaina ina kallon ƙirjinta tana aikin gida, ta ɗago muka haɗa ido, ta gyara zama ta daina motsi. Na tashi na bar falon.

Alhamis, 2 ga Oktoba

An yi.

Mun tafi mu uku. Na zare allurar ɗankwalina da agogona tun a mota, na zuba a jaka, don kar a ɓata lokaci. A bakin ƙofar ɗakin Kawu Dogo ya durƙusa daidai tsayinta ya ce mutum ɗaya ne zai shiga da ita, wa take so. Ni har na miƙe.

Ta ce Baba.

Na ce Baba bai san komai a kai ba, ni ce na saba. Ta kalli ƙasa, ta kama rigar ubanta ta baya, ta ce:

"Mama, ke ki jira a waje. In kina kallona mantawa nake yadda ake numfashi."

A gaban mutane. Babanta ya buɗe baki zai gyara, na ce ya rufe. Na ce su shiga. Ya zazzage aljihunsa a tire, sukuduraba da makullai da ƙusoshi, mutum zai zo asibiti da rabin shago a jikinsa. Ƙofar ta rufe.

Na zauna a benci. Wani bencin, wani ɓangaren asibitin, amma ƙafafuna sun gane shi. Ina jin ƙarar ta bango, ta tashi, ta tsaya, ta tashi. Duk ta tsaya sai in ce shi ke nan ta motsa, yanzu za su fito da ita tana kuka, likita ta ɗauki bironta. Sai ta sake tashi. Wata tsohuwa kusa da ni ta miƙo min ruwa, wai fuskata ta yi fari. Na ce lafiyata ƙalau. Haushi nake ji, haushin kowa, na mai cingam, na likita, na Dogo da sanyin muryarsa, na mijina da ya iya zama kawai ya riƙe ƙafa bai matse ba. Yarinyar da na goya a asibiti har bayana ya ƙage, yau ita ke cewa in jira a waje. Abin ya yi min ciwo, ba zan ɓoye wa takarda ba. Ya yi min ciwo ƙwarai.

Da suka fito tana tsalle a bayan ubanta, shatin abin kunne a kumatunta. Dogo ya ce hotuna sun fita tas, wurare kaɗan aka maimaita, wani ɓangaren ma ya bar ta tana numfashinta yadda ta ga dama. Babu allura. Ta zo ta tsaya a gabana tana jira. Na ce ta yi ƙoƙari.

Na samu abin da nake so. Ba a sa ta barci ba.

Lahadi, 5 ga Oktoba

Ta dawo tebur. Kusa da babanta, amma dai tebur.

Laraba, 8 ga Oktoba

Sakamako ya fito. Likita ta juyo mana da allo, ga zuciyar Firit baƙi da fari tana buɗewa tana rufewa, an zagaye ɗakunan da layi ja da kore. Ta ce da hannu ake bin gefen kowane yanki a zana, sannan a haɗa a san abin da ɗakin ke ɗauka. Ko ni da ban karanci likita ba na ga na dama ya fi na hagu girma nesa ba kusa ba. Ta nuna mana jinin da ke komowa baya, kusan rabin abin da aka tura.

Ƙarfin ɗakin bai faɗi ba tukuna. Wai shi ya sa yanzu ne lokaci, kafin ya buɗe ya wuce inda zai iya komawa. Za a sa mata sabuwar ƙofa. Aiki. Cikin 'yan watannin nan.

Aiki kuwa da barci ake yinsa, wannan ba sai an faɗa min ba.

Na yi wata guda ina faɗa da gari, na ɓata da miji, na ɓata da abokiyar aiki, na tsorata 'yata har ta kore ni daga ɗaki, don kar a sa ta barcin awa ɗaya. Hoton da na yi wa wannan yaƙin shi ne ya ce a sa ta na yini guda. Na kalli likita ina neman abin da zan kama in yi faɗa a kai, ban samu ba. Layukan suna nan a allo, zuciyar tana ta bugawa a cikinsu. Baban Firit ne ya yi tambayoyin yau, bai ambaci firji ba.

Talata, 14 ga Oktoba

An haɗa mu da likitan barci. Wani gajere ne mai furfura. Ya nemo bayanan aikin farko ya karanta kafin mu zo. Ya ce ba allurar ce ta hana ta farkawa a wancan karon ba, su ne suka bar ta tana barci da gangan, don zuciyar jaririya ta huta bayan aiki. Ya ce wataƙila an faɗa min a lokacin. Wataƙila. Ni dai abin da na riƙe shi ne "da yamma za ta farka."

Bai ce min babu haɗari ba, da ya faɗa da na tashi. Na bar shi ya kai ƙarshen maganarsa. Baban Firit yana ta satar kallona, jira yake in fashe.

Asabar, 18 ga Oktoba

Da hantsi ina tsefe mata kai a falo, tana zaune a tsakanin ƙafafuna. Mun faɗa mata maganar aikin tun jiya, babanta ya yi bayanin, ta saurara. Yau ina cikin tsifa sai na ji wuyanta ya ƙage. Ba ta juyo ba ta ce:

"Mama, barcin ma za ki koya min?"

Na ce a'a. Ta ce don me. Na ce don ban iya ba.

Sai na ji bakina yana cewa maganar da na faɗa mata rannan a ƙarƙashin tebur ba gaskiya ba ce, likitan ya ce za ta tashi, kuma shi aikinsa ke nan kullum. Na ce tsoro ne ya sa na faɗa, har yanzu ma tsoron nake ji. Ban taɓa faɗa wa kowa wannan kalmar ba, ko ubanta. Ta ce ita ma tana ji, kaɗan. Sannan ta ce in daina jan gashin da ƙarfi.

Ba wai na huce ba ne. Mai cingam ɗin nan har gobe in na gan ta sai ta ji daga bakina. Kuma ban tambayi Firit wa zai raka ta bakin ƙofa ranar aikin ba, ba kuma zan tambaya ba, ita ta sani. In ta ce benci, benci.

Ta jingina bayanta da gwiwata har muka gama. Kitson bai yi kyau ba, tana ta motsi, na ƙyale ta.